Kada a Ba Kyanwa Cakulan

Kyanwa tana da amfani ƙwarai a gidan manomi. Ita ce ke tsare rumbu daga ɓarnar ɓeraye. To, amma akwai wani abin kwaɗayi da yaranmu ke sha lafiya lau, alhali guba ne ga kyanwa. Wannan abu shi ne cakulan.

Mene ne a cikinsa?

Ana yin cakulan da ƙwayar koko. Ba kokon gero da muke sha da ƙosai ake nufi ba. Wani itace ne da ake nomawa a jihohin Ondo da Kuros Riba, da ƙasashen Gana da Kwaddibuwa. Ana kuma zuba shi a garin shayi irin su Bournvita da Milo.

A cikin ƙwayar koko akwai sinadarai 2. Ana kiransu tiyoburomin da kafeyin. Goro ma yana da su, shi ya sa yake hana barci. Jikin mutum yakan narkar da su da wuri. A jikin kyanwa kuwa sukan daɗe, su yi ta zaburar zuciya da jijiyoyi har su galabaitar da ita.

Baƙin cakulan mai ɗaci ya fi haɗari, haka ma tsagwaron garin koko. Mai madara bai kai su ƙarfi ba, amma shi ma yana cutarwa. 'Ya'yan kyanwa sun fi shiga haɗari saboda ƙanƙantarsu. Mai wata 2 nauyinta kamar kilo 1 ne kawai. Giram 10 na cakulan mai madara, wato ɗan guntu, ya isa ya sa ta ciwo.

Me ke jawo ta?

A shekarar 2005 masana a birnin Filadelfiya na Amurka suka gano dalilin da ya sa harshen kyanwa ba ya jin zaƙi. Ashe ba sukari take bi ba. Madara da maiƙo ne ke jawo ta. Don haka kofin shayin da yaro ya rage a tabarma yana iya zama tarko.

Alamun ciwo

Sukan bayyana cikin awa 12 bayan ta ci. Za a ga amai da zawo da yawan ƙishirwa. Za ta kasa zama wuri ɗaya, tana haki, zuciyarta na bugawa da sauri. Idan abin ya tsananta sai karkarwa da farfaɗiya, wani lokaci har mutuwa.

Abin da za a yi

1. A kai ta asibitin dabbobi nan da nan. Kada a jira sai alamu sun fito.
2. A tafi da takardar cakulan ɗin, don likita ya san irin wanda ta ci da yawansa.
3. Kada a ɗura mata ruwan gishiri ko manja don ta yi amai. Yin haka yana ƙara mata wahala.

Wannan guba ba ta da makari. Likita yakan rage ta a ciki ne, ya ƙara wa kyanwar ruwa, ya daidaita bugun zuciyarta.

Saboda haka, jama'a, mu rufe gwangwanin shayi, mu wanke kofuna da zarar an gama sha. Mu kuma gaya wa yara kada su ɗanɗana wa kyanwa ko kare cakulan, ko da wasa. Rigakafi ya fi magani.