3.4 Wa'azin Bishara ga Baƙi da Matsayin Tuba a Cikinsa

Abin da ake nufi da baƙo a wannan sashe shi ne mutumin da mai wa'azi bai san shi ba, ko da kuwa mai wa'azin ne ya taka har garinsa. A shekarar 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko da nufin kai bishara ga irin waɗannan mutane. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Abin da ya ingiza su shi ne imanin cewa wanda ya mutu bai tuba ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu ba ya hallaka, saboda haka jinkiri kansa laifi ne. Wannan fahimta ce ƙungiyar SIM ta ginu a kanta, ita kuma ta gadar wa ekklisiyar ECWA wadda aka kafa a 1954.

Da yake Turawan mulki sun taƙaita shigar mishan cikin masarautun Musulmi, daga baya mafi yawan aikin ya koma hannun 'yan ƙasa. Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda ta ɓulla a farkon shekarun 1960, ta koya wa masu bi na gama-gari, ba fastoci kaɗai ba, fita gida-gida da ƙauye-ƙauye. Sukan fita bibbiyu, bisa misalin aiken almajirai a Luka sura 10.

Kalmar tuba ita ce ginshiƙin wannan wa'azi, kuma a nan ne wahalar take. Asalinta Larabci ne, Bahaushe kuwa ya san ta tun kafin a buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A wurin Musulmi, tuba ita ce nadama, da barin saɓo, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙin mutane. Mai bishara ya yarda da nadama da juyowa, amma a wurinsa tuba ba ta cika sai da karɓar Yesu a matsayin mai ceto. Ke nan mutum biyu za su iya furta kalma ɗaya, kowa da abin da yake nufi.

Dalilan gaggawa kuwa su ne mutuwa wadda ba ta sallama, da sa ran komowar Almasihu, da kuma cewa mai wa'azi ba lalle ya sake ganin baƙon ba. Sai dai wannan ya ci karo da al'ada. Bahaushe na cewa sauri ya haifi nawa, kuma saboda kara yakan ce "to" ga baƙo alhali zuciyarsa ba ta amsa ba. Wanda ya amsa da gaske kuma yana iya rasa dangi da gado da aure, abin da ba a yanke shawararsa a zama ɗaya.

Haka kuma wa'azin fili ya sha jawo fitina. Rikicin Kafanchan na Maris 1987 ya faro ne daga taron ɗalibai Kirista a Kwalejin Ilimi, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. A Oktoba 1991 shirin taron Reinhard Bonnke a Kano ya haddasa tarzoma wadda ta ci rayuka masu yawa, aka soke taron tun bai hau mumbari ba.