Tseren Keke: Yadda Ake Raba Rukuni Ba Tare da An Zalunci Kowa Ba

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, da yawa daga cikinmu a kan keke muke zuwa makaranta, a kansa muke kai niƙa da kai taki gona. Shi ya sa idan aka sa tseren keke cikin wasannin ƙarshen zango ba a rasa masu shiga. Inda gardama take ɓarkewa shi ne bayan tsere. Wani ya ce wanda ya ci keke mai giya ya hau, wani ya ce ai ɗan aji shida ne aka haɗa da 'yan aji biyu. Maganin wannan gardama shi ne raba rukuni tun kafin ranar gasa, ta yadda ƙoƙarin mahayi ne zai ba shi nasara.

Abu na farko da ake dubawa shi ne keken kansa. A gudu da ƙafa kowa da jikinsa kawai ya zo, amma a nan akwai na'ura tsakanin mutum da ƙasa. Raleigh ko Phoenix irin na iyayenmu, mai kariya da giya ɗaya, an ƙera shi ne don ɗaukar kaya, yana da nauyi. Keke mai giya da yawa kuwa yana ba mahayi damar sassauta feda a hawa, ya ƙara gudu a gangara. Ko ƙarfin mahayan biyu ɗaya ne, mai giya zai riga isa.

Wannan matsala ta taɓa tayar da ƙura a duniya. A 1933 wani Bafaranshe mai suna Francis Faure ya hau wani keke da ake tuƙawa a kishingiɗe, wanda Charles Mochet ya ƙera, ya yi tafiyar kilomita 45 da 'yan mitoci cikin awa ɗaya. Da haka ya karya tarihin da Oscar Egg ya kafa tun 1914, alhali ba a lissafa Faure cikin manyan gwanayen zamaninsa. Dalili shi ne, idan keke ya yi gudu sosai, yawancin ƙarfin mahayi wajen keta iska yake tafiya, kuma wanda ya kishingiɗa iska kaɗan ce take dukan ƙirjinsa. A 1934 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta fitar da irin wannan keke daga gasanninta. Daga baya masu sha'awarsa suka buɗe nasu fagen, inda ake barin kowa ya ƙera abin da ya ga dama muddin ba inji. A irin wannan fage ne Todd Reichert ɗan Kanada ya wuce gudun kilomita 144 a awa a jihar Nevada ta Amurka a 2016, cikin keken da aka lulluɓe da kwanso. Fage ɗaya yana auna mahayi, ɗayan yana auna mahayi da maƙeri tare. Har yau UCI ba ta yarda nauyin keken tsere ya gaza kilo 6.8.

A makaranta irin tamu rukuni biyu sun wadatar: masu giya ɗaya da masu giya da yawa. Idan ana son adalcin ya fi haka, sai a aro kekuna iri ɗaya, mai gyaran keke ya duba birki da kaca da iskar taya, sannan a jefa ƙuri'a kowa ya hau wanda ya faɗo masa. Wannan yana buɗe ƙofa ga ɗalibin da gidansu ba keke. Aro ba abin kunya ba ne. Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke na Olamfik, keken da tawagar Jamus ta ara mata ta hau a tseren cikin fili a Paris a 2024.

Na biyu shekaru. Tsakanin ɗan shekara 12 da ɗan 17 akwai tazarar tsawo da ƙarfin cinya da atisaye ba zai cike ta ba. A gasannin duniya 'yan 17 da 18 rukuninsu daban, 'yan 19 zuwa 22 nasu daban, kuma da shekarar haihuwa ake lissafi. A nan aji kaɗai ba ya nuna shekaru, domin wani ya yi shekaru a makarantar allo kafin ya shiga boko. Don haka a duba takardar haihuwa, in babu a koma rajistar makaranta. Kada a yanke hukunci da kallon ido, domin akwai dogon yaro, akwai gajeren babba.

Na uku, 'yan mata su sami nasu rukuni da nasu kyauta daidai da ta maza. Daga lokacin balaga ƙarfin tsokar namiji yakan zarce na mace, haɗa su wuri ɗaya zai sa 'yan matan su janye. A kuma kula da bakin hijabi da zani kada kaca ko taya ta kama su.

Na huɗu, 'yan uwanmu masu keken hannu mai ƙafa uku, waɗanda shan inna ta taɓa. Hannu ba ya ba da ƙarfin da ƙafa take bayarwa, shi ya sa a gasar nakasassu ta duniya keken hannu yake da rukunai har biyar, gwargwadon sassan jikin da mahayi yake iya amfani da su. Ko mutum biyu ne kawai a makarantarmu, a ba su tserensu a fili mai tauri, a rubuta sakamakonsu a allo ɗaya da na kowa.

Sai dai a yi hattara da yawan rabo. Idan mutum 20 suka shiga aka yanka su rukuni 10, kowa zai koma gida da kyauta, kyautar kuma ta rasa daraja. Shawararmu ita ce rukunin da bai kai mutum huɗu ko biyar ba a haɗa shi da na kusa da shi, a ba marasa ƙarfi rata. Misali ƙanana su tashi daƙiƙa 30 kafin manya. Ratar kuma daga lokacin da aka auna a ranar gwaji za a fitar da ita, a kafe ta a allo kowa ya gani.

Hanyar tseren ma tana iya yin son kai. Hanyoyinmu na tsakanin gonaki matsattsu ne, ga rairayi ga ƙaya. Siririyar taya tana nutsewa a yashi, mai faɗi ta wuce, kuma wanda ya fara shiga burtali ya tare na bayansa. Inda hanya ba ta ɗaukar mutum uku a jere, gara a saki mahaya ɗaya bayan ɗaya, minti ɗaya tsakani, a auna lokacin kowa da agogon waya. A yi tafiya da dawowa, don iskar hunturu da ta tura mutum a zuwa ta tare shi a komowa. Kowane rukuni ya gama nasa a jere kafin rana ta yi zafi, kuma a nisanci titin mota.

Tun ran gini tun ran zane. Malamin wasanni da wakilan ɗalibai su rubuta dokokin, a manna su a wannan allo mako biyu kafin gasa. A rufe rajista kwana uku kafin ranar, a duba kekuna da safe, kuma ba mai sauya keke ko rukuni bayan dubawa. Alƙali kada ya yi hukunci a tseren da ƙaninsa ko ɗan ajinsa yake ciki. Mai ƙorafi ya kai wa kwamitin mutum uku kafin a raba kyauta. Duk wanda yake da gyara ga waɗannan shawarwari ya rubuto wa kulob ɗin 'yan jarida, za mu manna a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.