Undulate: kalmar da ke tafiya kamar igiyar ruwa

A shirinmu na wannan mako, wani mai sauraro da ke lodin shanu daga Malanbil zuwa Kwatano ya aiko da tambaya. Ya ce ya ga kalmar "undulating" a takardar wani fili da ake son ba shi haya a ɓangaren Najeriya, bai gane ba, kuma bai yarda ya sa hannu a kan abin da bai sani ba. Alhaji, ka yi daidai.

Asalin kalmar ita ce "undulate", ana faɗinta kamar "andiyulet". Ta fito daga "unda" na harshen Latin, wato igiyar ruwa. Ka taɓa tsayawa kan gadar Dantokpa ka kalli ruwan nan da kwalekwale ya ratsa? Yadda yake ɗagowa ya sauka, ya sake ɗagowa a hankali, ba faɗuwa ba tsalle, to wannan motsin ake nufi. Maciji ma haka yake tafiya, haka gonar gero idan iska ta kaɗa ta.

In an ce fili "undulating" ne, ana nufin tudu da gangare ne a jere, ba dutse ba, ba kuma shimfiɗaɗɗen fili ba. Ga makiyayi wannan ba lalle aibi ba ne: da damina shanu na kwana a tudu inda ba laka, da rani kuma kwarin ne ke riƙe damshi da ɗanyar ciyawa. Mai son shigar da babbar mota shi ne zai yi tunani. Saboda haka kada takarda ta ishe ka, je ka taka filin da ƙafarka.

Mu da ke zaune a Jonke, ai mun daɗe da sanin kalmar ba mu ankara ba. Kwanon rufi da Faransanci "tôle ondulée" ne, tushensu ɗaya. Direbobi ma haka suke kiran hanyar ƙasa da ta yi gargada kamar kwano, irin wadda ke kwance ƙusoshin mota, ta kayar da saniya cikin tirela 'yan'uwanta su tattake ta. Har gajeren zangon rediyo, "ondes courtes", daga can ya samo suna.

Amma wadda na fi so ka riƙe ita ce 'yar'uwarta, "fluctuate". Ita ma daga wata kalmar Latin mai nufin igiyar ruwa ta fito, sai dai a kan farashi da canjin kuɗi aka fi amfani da ita. Ita ce za ka gani a takardar ciniki, an rubuta cewa farashi na iya hawa ko sauka. Nan ne aljihu yake shiga.

Duba mana. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999: yuro ɗaya, sefa 655.957, ba ta gusawa. Naira kuwa, a watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya sake ta kasuwa ta yanke mata daraja. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya ba da shanu bashi a Legas da naira, ya dawo wurin 'yan canji a Jonke bayan wata uku, shi ya san abin da ya ƙirga. Shanun dai su ne, kuɗin ne suka rame a hanya.

Ni a ganina, sau da yawa ana fakewa da kalmar nan don a sanyaya magana. Igiyar ruwa tana hawa tana sauka. Abin da ke gangarawa kullum ba igiya ba ne, faɗuwa ce, kuma Turanci na da sunanta daban, "depreciation". Dattawanmu da suka ga Janairun 1994, lokacin da aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin darajarta, ba wanda zai ce musu wannan kaɗawar ruwa ce.

To in ka ga "fluctuate" a takarda, tambayi abokin cinikinka a gaban shaidu: da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa? Kuma canjin wace rana za a bi, ranar lodi ko ranar biya? A rubuta amsar da lamba, kowa ya riƙe kwafinsa kafin mota ta kama hanyar Seme.