Kalmar sirrin da mai na'ura ba zai iya canzawa ba

A shagunan POS da wuraren cike fom ɗin JAMB na Gummi, Anka da Bukkuyum, sau da yawa za ka ga wata 'yar na'ura a kan kanta tana ƙyafta fitila. Ita ce rauta, mai raba intanet ga wayoyi da kwamfutocin shagon. Mutanen yankin sun san darajarta tun watan Satumban 2021, lokacin da hukumar NCC ta umarci a katse layukan sadarwa a Zamfara, harkoki suka tsaya cak na tsawon makonni.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne na'urar tana da ƙofa biyu. Ta farko ita ce kalmar sirrin Wi-Fi da ake ba abokan ciniki. Ta biyu ita ce ta shafin sarrafa na'urar, wadda galibi ke zuwa daga kamfani da "admin" a matsayin suna da kalmar sirri, a rubuce a bayanta. Duk wanda ya shiga ta nan zai iya karkatar da masu amfani da ita zuwa shafin banki na bogi.

Da irin wannan sakaci manhajar Mirai ta yi ɓarna a 2016. Jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 kawai take gwadawa, amma ta kame dubban ɗaruruwan kyamarorin tsaro da rautoci. Ranar 21 ga Oktoba aka yi amfani da su wajen kai hari kan kamfanin Dyn na Amurka, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga jama'a da dama.

Wannan duk mai sauƙi ne, domin ana iya canza kalmar. Mafi muni ita ce wadda kamfani ya dasa a cikin manhajar na'urar kanta, tamkar maƙerin da ya sayar maka da kwaɗo ya riƙe makulli ɗaya a aljihunsa. A Disambar 2020 wani mai bincike a Holan, Niels Teusink, ya fallasa ɓoyayyen asusu mai suna "zyfwp" a na'urorin tsaro na Zyxel. Kalmar sirrinsa ɗaya ce a ko'ina, kuma mai na'ura ba shi da ikon taɓa ta. An ƙiyasta sama da na'urori 100,000 abin ya shafa. Magani ɗaya ne: sabuwar manhajar da kamfanin ya fitar.

Birtaniya ta haramta sayar da na'urori masu kalmar sirri irin su "admin" ko "12345" tun 29 ga Afrilun 2024. Mai shago a Bukkuyum kuwa shi zai tsare kansa.

Ya duba adireshin da ke bayan na'urar, kamar 192.168.0.1, ya shiga ya sauya kalmar "admin" da doguwa wadda ba lambar wayarsa ba ce. Ya kashe damar sarrafa ta daga nesa, sannan ya danna wurin sabunta manhaja. Idan wani ne ya haɗa masa, ya karɓi kalmar a hannunsa ya canza bayan ya tafi.

Matsalar ta fi tsanani a rautocin gwanjo masu araha. Wadda kamfaninta ya daina fitar wa gyara, ramin da ke cikinta ba zai toshe ba, sai dai a cire ta a sayi wata.