Daɓen Katako A Gidan Da Ke Da Yara Da Kare: Uwargida, Duba Kafin Ki Saya

A wannan wata za mu sunkuya ne mu dubi abin da muke takawa, wato daɓen ɗakunanmu. Iyayenmu sun san daɓen ƙasa da makuba, muka tashi muka tarar da siminti da ledar ɗaki, daga nan kafet ya yi zamaninsa, tayil ya zo ya ture shi. Yanzu kuma idon mata da yawa ya koma kan daɓen katako, musamman idan aka je barka ko ganin ɗakin amarya aka ga yadda yake ɗaukar ido. Ba na musun kyansa. Ba shi da sanyin tayil a lokacin hunturu, yaro mai rarrafe yana jin daɗinsa, ba ya kuma ɓoye ƙura kamar kafet, wanda masu asma suka san wahalarsa. Sai dai ki tuna, 'yar'uwa, a kan wannan daɓe za ki shimfiɗa dardumar salla, a kansa ɗanki zai yi fitsari kafin ki kai shi fo, kuma idan maigida ya ajiye kare saboda tsaro, wata rana sai ya tako shi. Saboda haka zaɓen daɓe magana ce ta kuɗi, kuma magana ce ta tsarki.

Abin da ake kira daɓen katako a kasuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma mai shago ba zai tsaya rarrabe miki ba sai kin tambaya. Akwai katako tsantsa, wanda aka yanko daga itace aka fere shi, kaurinsa wajen milimita 18 zuwa 20. Shi ne mai tsada, shi ne kuma ake iya gogewa da samfefa a sake shafa masa folish sau da dama ya dawo sabo. Akwai mai hawa-hawa, wanda samansa kawai ne katakon gaske, kamar milimita 2 zuwa 6, ƙasansa kuwa filawud ne da aka manna. Sai laminet, wanda shi ya fi yawa a shagunanmu. Wani kamfani a ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977, kuma asalinsa garin katako ne aka matse da gam, aka ɗora masa hoton katako, aka rufe da wani shafi mai tauri. Na huɗun ma ba katako ba ne sam, roba ce aka haɗa da garin farar ƙasa aka yi mata zanen itace, masu sayarwa suna ce masa SPC. Riƙe waɗannan huɗun, domin duk abin da zai biyo baya a kansu yake.

Babban abokin gabar katako a ƙasarmu shi ne yanayi. Itace ko an sare shi bai daina shan laima yana fitar da ita ba. Masu yin daɓen katako a Turai da Amurka suna so laimar iskar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, a tsakiyar hunturu takan faɗo ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ta haura 70. Kin san yadda ƙofar katako ke cijewa da damina har sai an sa mata kafaɗa, da rani kuma ta saki? To haka daɓen zai yi. Da hunturu ya tsuke, tsagogi su buɗe tsakanin fallayen, da damina ya kumbura, idan bai sami wurin motsawa ba ya yi tozo a tsakiyar falo. Shi ya sa mai aikin da ya san abin da yake yi zai bar tazarar kamar santimita 1 tsakanin daɓe da bango, ya rufe ta da sikatin, kuma zai bar kayan su kwana biyu ko uku a cikin ɗakin kafin ya shimfiɗa. Katako tsantsa shi ya fi kowanne wannan motsi, mai hawa-hawa ya fi shi haƙuri.

Idan sabon gini ne, kada a yi gaggawa. Siminti yana riƙe ruwa a cikinsa ko da samansa ya bushe, don haka a ba shi aƙalla wata 2. Ga gwajin da ke da kanki za ki iya yi: yanko leda mai kauri, ki manne gefunanta huɗu da salatif a kan simintin, ki bar ta kwana ɗaya. Idan kin ɗaga kin ga raɓa a jikinta ko wurin ya yi duhu, akwai danshi, kuma duk katakon da aka ɗora a nan asara ce. A yi feshin maganin gara tun kafin a shimfiɗa, domin ita gara daga ƙasa take ci, ba za ki ankara ba sai ranar da ƙafar gado ta nutse.

Ga wadda ta nace sai katako tsantsa, to itatuwan ma sun bambanta wajen tauri. Akwai ma'aunin da wani mai bincike ɗan ƙasar Ostiriya, Gabriel Janka, ya fito da shi a 1906: ana danna ɗan ƙwallon ƙarfe a jikin katako har rabinsa ya shige, a auna ƙarfin da aka yi amfani da shi. Iya girman lambar, iya taurin itacen. Kawo yana kusan 1,800, loko wanda 'yan katako ke kira iroko yana 1,260, mahogani dangin maɗaci wajen 1,070, farin katakon obece kuwa bai kai 500 ba, ƙusar keken yara ma ta ishe shi. Loko yana da wata falala, gara ba ta cika son shi ba. Amma ki sani itatuwan nan sun yi ƙaranci. Madobiya an yi mata saran da ya sa aka shigar da ita cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017, kawo da maɗaci suka bi bayanta a 2022. Idan maigida zai je 'yan katako na Na'ibawa a Kano ko kasuwar Dei-Dei a Abuja, ya tafi da kafintan da ya amince da shi, ya kuma tambaya ko katakon ya bushe sarai, domin ɗanye yana murɗewa bayan an kafa.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Ɗalibaina matan aure sun sha tambayata yadda ake tsarkake irin wannan daɓe, tunda mai sayarwa ya ce kada a zuba masa ruwa. Gaskiya ya faɗa. Laminet musamman, idan ruwa ya shiga ta mahaɗarsa ya taɓa garin katakon da ke ciki, gefunan sai su kumbura kamar burodin da ya jiƙa, kuma ba sa komawa. Mu kuwa addininmu da ruwa ya ɗora mana kawar da najasa. Hadisin balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci sananne ne a Buhari da Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya hana a katse shi, sannan ya sa aka kwara guga na ruwa a wurin. Ƙasar masallacin ta shanye ruwan, katako kuwa ba zai shanye ya zauna lafiya ba.

Mafita ita ce ki raba aikin kashi uku. Da fari ki tsane fitsarin da tsumma ko takarda nan take, tun bai gangara cikin tsaga ba. Sai ki zuba ruwa mai tsarki, wanda ba a haɗa shi da sabulu ko turaren mofin ba, gwargwadon abin da zai game wurin, ki kwashe shi, ki maimaita har launi da wari su gushe. Daga nan ki goge da busasshen tsumma. Ruwan da ya yi minti ɗaya a kan daɓe mai kyan shafi ba zai cuce shi ba, wanda ya kwana shi ke ɓarna. In kina son ƙamshi, bayan tsarki ya samu ki bi da abin da kike so. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin cewa idan aka gusar da jikin najasa da abin da ba ruwa tsantsa ba, hukuncinta yana nan a wurin, ba a salla kai tsaye a kansa, amma ba ta bin ƙafar da ta taka ko tufar da ta taɓa. Wannan sauƙi ne babba ga uwa mai yara ƙanana, musamman wadda waswasi ya dama, take wanke ɗaki sau biyar a rana. Batun fitsarin jariri namiji da bai fara cin abinci ba, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun wadatu da yayyafi saboda hadisin Ummu Ƙaisi (RA), mashahurin zance a mazhabarmu kuwa shi ne a wanke, namiji ne ko mace.

To kare fa? Na san wata za ta ce me ya kawo kare cikin mujallar matan Musulmi. Halin tsaro ne ya kawo shi, gidaje da yawa a bayan gari yanzu suna da shi. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum, kuma Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona idan akwai buƙata ta gaske. Ana ba da labarin Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka tuna masa cewa Imam Malik ya karhanta hakan, shi kuwa ya nuna cewa da Malik ya ga irin zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Saboda haka wurin kare harabar gida ne da ɗakinsa na waje, a ba shi abinci da ruwa da inuwa, hakkinsa ne. Falo da ɗakin kwana ba wurinsa ba ne.

Idan ya kutso fa, ko yara sun jawo shi? A Malikiyya kare mai rai da yawunsa masu tsarki ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7 kuwa bin umarni ne. Fitsarinsa da kashinsa najasa ne, a wanke kamar yadda na bayyana. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin yawun nasa najasa ce mai nauyi, wanki 7 ɗaya da ƙasa. Idan wannan ra'ayin gidanku ke bi, ki yi tunani da kyau, domin ƙasa da ruwa sau 7 a kan laminet ƙarshensa ke nan. Ta fuskar daɓen kansa, faratan kare suna karce folish, fitsarinsa kuma idan ya jima yana barin baƙin tabo da ke shiga cikin itacen, samfefa ma ba kullum take fitar da shi ba. Barandar da yake kwanciya a bar ta da siminti ko tayil mai kaushi. Kuma don Allah a riƙa kai shi likitan dabbobi allurar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 40 cikin ɗari na masu mutuwa da wannan cuta yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Idan ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Ni a ganina, gidan da ke da mai rarrafe ko wanda ake koya wa fo, ɗakin yara da hanyar banɗaki da kicin a ba su tayil marar santsi ko SPC, wanda ruwa ba ya kumbura shi. Katako a kai shi ɗakin maigida ko falon baƙi, inda ƙafa ba ta da yawa. Wadda ke gidan haya kuma ta zaɓi irin wanda ake saƙalawa ba tare da gam ba, ranar tashi ta kwance abinta. Idan laminet za ki saya, duba jikin kwalin. Lambar AC tana nuna juriyar samansa, daga 1 zuwa 6, kada ki karɓi ƙasa da AC3, in da hali AC4. Nemi kuma alamar E1, wadda ke nuna cewa sinadarin fomaldehaid da gam ɗinsa ke fitarwa kaɗan ne. A 2015 an yi babbar badaƙala a Amurka kan laminet da aka shigo da shi wanda wannan sinadari ya yi masa yawa, kuma jariri da hancinsa ke dab da ƙasa shi ya fi kowa shaƙa. Bayan an shimfiɗa a bar tagogi a buɗe na wasu kwanaki kafin yara su koma.

Wajen launi, zuciya takan tafi ga mai duhu mai sheƙi, amma shi ne ke tona asiri: ƙurar hunturu, sawun ƙafa, kowane karce, duk a fili. Mai haske marar ƙyalli ya fi rufa miki asiri. Yashin da takalma ke kwasowa shi ne ainihin samfefar da ke cinye shafin, mu kuwa Alhamdulillahi mun saba cire takalmi a bakin ƙofa, sai a ƙara da abin goge ƙafa, har da na ƙofar banɗaki saboda jiƙaƙƙun ƙafafun masu alwala. A manna wa ƙafafun kujeru da gado ɗan soso, ranar jere kuma a ɗaga kaya, kada a ja. Ki gargaɗi mai aikinki cewa nan ba a kwara ruwa a bi da tsintsiya, tsumma ake matsewa sosai. Lalle da manja idan sun zuba a goge kafin su kama. Kaskon turaren wuta kuwa kada ya taɓa zama kai tsaye a kan wannan daɓe. Ki sa masa faranti ko guntun tayil a ƙasa, domin garwashi ɗaya idan ya faɗo, sai an cire fallen gaba ɗaya. Saboda irin wannan ranar, ki ce wa maigida ya ƙaro kwali ɗaya a ajiye, don bayan shekara biyu da wuya a sake samun launin a kasuwa.