Lamba 8,388,608 da Sirrin Bambancin 'Yan'uwa

Sau da yawa akan ga yara uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowa da kamanninsa. Babban dalilin haka yana ƙunshe cikin wata lamba, wato 8,388,608.

Kusan kowace ƙwayar halittar jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, wato zarurrukan da ke riƙe da bayanan gado. Suna zaune bibbiyu, tagwaye 23, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Yayin da jiki zai samar da ƙwan mace ko ƙwayar maniyyi, guda ɗaya tak ake ɗauka daga kowane tagwai. Zaɓi biyu ke nan a wuri 23. In aka jera biyu har guda 23 aka ninka su da juna, sai a sami 8,388,608. Wannan shi ne adadin haɗe-haɗen da mahaifi ɗaya zai iya bayarwa.

To, wane matsayi wannan lamba take da shi wajen masana lissafi? Da farko dai cika ce, ba mara ba. Za a yi ta raba ta biyu har sau 23 kafin a iso ɗaya. Lambobi 24 ne kaɗai ke raba ta ba saura: 1, 2, 4, 8, har zuwa ita kanta.

Masana suna kiran lamba kammalalliya idan jimillar masu raba ta, ban da ita kanta, ta yi daidai da ita, kamar 6, wadda take 1+2+3. Tamu kuwa jimillarta 8,388,607 ce, ɗaya kacal ta rasa. Saboda haka tana cikin gajiyayyun lambobi, a rukunin da ake kira masu dab da kammala.

Ita ma 8,388,607 tana da tarihi. A 1603 Cataldi, mutumin Italiya, ya ce babu abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. A 1640 Fermat na Faransa ya nuna 47 tana raba ta. Mai karatu ya gwada: 47 sau 178,481.

Idan kuma aka haɗa zaɓin uwa da na uba, sai a ninka lambar da kanta, a sami 70,368,744,177,664, fiye da tiriliyan 70. Wannan ma ba a lissafa da musayar gutsattsari da kuromosom ke yi tsakaninsu ba, wadda ke ƙara yawan. Shi ya sa in ba tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ba, da wuya ƙwarai iyaye su haifi 'ya'ya biyu masu gado iri ɗaya.