Ruɗin Ido da Darasinsa ga Mai Nazarin Furuci

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma akwai gidajen nune-nune da aka gina musamman domin a gwada wa jama'a cewa ganin ma yana da tasa kasawa. A shekarar 2015 aka buɗe Museum of Illusions a birnin Zagreb na ƙasar Kuroshiya, daga baya ya yi rassa a birane irin su Dubai da Alƙahira. Iyalai kan je can yawon buɗe ido. Daga cikin abubuwan da suka fi burge yara akwai ɗakin da Ba'amurke Adelbert Ames ya ƙirƙiro. Wanda ya leƙa ta kafar da aka tanada zai ga ɗaki daidaitacce, alhali wata kusurwar ta fi wata nisa. Idan uba ya tsaya a kusurwa mai nisa, ɗansa a ta kusa, sai a ga yaron ya kere mahaifinsa tsawo, domin ƙwaƙwalwa ta saba da ɗakuna masu daidaitattun bango.

Iyalin da ke Gangara ba sai sun je Turai ba kafin su shaida haka. Da bazara, a kan kwaltar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram ta Agye da Gazawa, matafiyi kan hango ruwa kwance a gabansa, yana matsowa ruwan na ja da baya. Wannan ita ce kawalwalniya. Iska mai zafi da ke dab da kwalta ce ke lanƙwasa hasken da ya sauko daga sama. Hoton sararin samaniya ne ke isa ga ido, sai ƙwaƙwalwa ta fassara shi da abin da ta sani, wato ruwa.

Abin da ya shafi fagenmu shi ne, sauraro ma haka yake aiki. A shekarar 1976 Harry McGurk da John MacDonald sun wallafa wani gwaji a mujallar Nature. Sun ɗora muryar da ke furta "ba" a kan hoton leɓɓan da ke furta "ga", sai akasarin masu kallo suka ce "da" suka ji. Da zarar mutum ya rufe ido, sai "ba" ta dawo. A 1999 kuma Emmanuel Dupoux da abokan aikinsa sun nuna cewa Japanawa kan ji "ebuzo" idan an furta musu "ebzo", saboda tsarin gaɓar harshensu bai yarda da irin wannan jerin baƙaƙe ba.

Hausa na da irin wannan ƙa'ida, domin gaɓarta ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere. Shi ya sa France ta zama Faransa, bread ta zama burodi, primary ta zama firamare. Ta ɗaya ɓangaren, baƙon da ya tashi da Faransanci yakan sha wuya kafin ya bambanta kafa da ƙafa, ko gari na mazauni da gari na tuwo, waɗanda tsawon wasalin farko ya raba su.

Wannan yana da tasiri kai tsaye a kan aikin ɗalibin da ya fita tattara bayanai. Wanda ya saba da daidaitacciyar Hausa, idan ya zauna da dattawan yankin Maraɗi, zai iya rubuta "fari" a inda aka furta "hwari", bai kuma san ya goge siffar karin harshen da ya je nema ba. Don haka ya kamata a naɗi murya, a maimaita saurare, a duba sautin da manhajar Praat, sannan a ba wani mai wannan karin harshe ya tabbatar da abin da aka rubuta kafin a gina nazari a kansa.